Sunanka ya fito a atisayen haɗin gwiwa? Ga yadda bakaniken jirgin soja zai shirya

Ɗan ƙanwata ya iso gidana a Agege wata Juma'a bayan sallar Isha'i, warin man jirgi bai gama barin jikinsa ba. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, sunana ya fito." Za a yi atisayen haɗin gwiwa da sojin saman wasu ƙasashe, yana cikin kanikawan da za su bi jirgi. Na yi masa barka, muka yi addu'a. Sai na tambaye shi lambar man haidirolik ɗin jirginsu. Ya ce, "Jan nan ne, Kawu." Na ce launi na tambaye ka ko lamba? Ya sunkuyar da kai. A kan tabarma muka kai sha biyun dare, kuma abin da na gaya masa a daren shi nake rubutawa a nan domin 'yan'uwansa, maza da mata, masu riƙe da sifana a gindin jirgi.

Shekara 35 na yi ina wannan aiki a Rundunar Sojin Saman Najeriya, mafi yawansu a Ikeja, a gindin jirgin jigilar soja C-130. Mutanen gari idan suka ji an ce atisaye, matuƙa suke gani da tutoci da manyan hafsoshi suna gaisawa. Bakanike kuwa ma'auninsa ɗaya ne: tashi nawa aka tsara, tashi nawa aka yi, kuma kowa ya dawo lafiya? Irin wannan taro ba baƙo ba ne a Legas. A watan Agustan 2017 an yi African Partnership Flight a nan, inda sojin saman Amurka da namu da na maƙwabta suka yi aiki tare. Obangame Express, wanda ake yi a mashigin tekun Gini, Legas ta karɓi baƙuncinsa a 2019 da 2023. Na sojin ruwa ne, amma jiragen sama masu sintirin teku suna shiga. A Maroko kuma ana yin African Lion kowace shekara. Amfaninsu yana fitowa ne ranar da abu ya zama na gaske, kamar Janairun 2017 da aka tura jiragenmu Dakar saboda rikicin Gambiya. Ranar nan babu lokacin koyon yadda tankar man wata ƙasa take aiki.

Tun kana Ikeja

Atisaye a rumfar jirgi ta gida yake farawa, makonni kafin tashi. Abu na farko, ka zauna da kundin jirgin ka yi lissafin awoyi. A ce za a yi tashin awa 40 a can, babban dubawa kuma saura awa 25 ya cika. To a gida za a yi shi, inda akwai rumfa da jak da mutanenka. Haka kowane ƙarfe mai ƙayyadadden wa'adi: ka duba ranarsa, ka duba awoyinsa.

Daga nan sai akwatin kayan gyara da zai bi jirgin. Kada ka kwafi jerin da wani ya bari a durowa shekara biyar da suka wuce. Buɗe kundin jirgin naka na wata shida, ka ga me ya fi damun sa, domin kowane jirgi da halinsa, kamar jaki. Wani yoyon farfela ne ciwonsa, wani sitata, wani birki. Abin da ya saba lalacewa a Ikeja ba zai ji kunyar baƙi ya daina a can ba. Tayoyi, filtoci, zobban roba kowane a ledarsa da lambarsa, wayar kulle, ƙwan fitila, tsumma mai tsabta, man inji da na haidirolik a rufaffun gwangwanaye, duk su shiga. Kowane ƙarfe ya tafi da takardar shaidarsa. Aikin jirgi ba kasuwar kayan mota ta Ladipo ba ce da za a ɗaga abu a ce ai zai shiga. Wanda ba shi da takarda, ko sabo ne fil, ajiye shi za a yi.

Sifanar awon ɗauri da gejin taya da mitar wuta, ka duba takardar da aka manna musu ta ranar tantancewa. Idan wa'adin zai ƙare kana can, a tantance su yanzu. Batura, tukwanen oksijin, fenti da makamantansu kaya ne masu haɗari, suna da takardunsu da yadda ake ɗaure su, ka gaya wa mai lodi komai. Naka na kanka ba shi da yawa: fasfo mai sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin cutar shawara, abin toshe kunne biyu, tocila, da mahaɗin soket, domin ƙasashen da Faransa ta rena baki biyu zagayayyu suke amfani da shi, ba baki uku irin namu ba. Wasu kayan Amurkawa kuma na wuta 110 ne, tamu sai ta ƙone su.

Kama da wane ba ta wane

Wannan shi ne wurin da na fi daɗewa a kai da yaron, a nan ma zan daɗe.

Za ka sauka ka ga C-130 na Amurka a gefen naka, hanci iri ɗaya, jela iri ɗaya, zuciyarka ta ce ai 'yan gida ɗaya ne. Ƙirga fukafukan farfela. Namu samfurin H ne, wanda ya fara zuwa ƙasar nan a 1975, injinsa T56 ne, farfelarsa fiffike huɗu. Nasu yawanci samfurin J ne, injin Rolls-Royce AE 2100, fiffike shida, gabansa duk allon kwamfuta. Abubuwa da yawa na wancan ba su shiga wannan. Ko tsakanin masu samfurin H, irin su Nijar da Chadi da Kamaru da Maroko, kowace ƙasa da gyare-gyaren da ta yi wa nata. Saboda haka idan abokin aiki ya miƙo maka ƙarfe cikin kyakkyawar niyya, ka gode masa, ka karanta lambar, ka gwada da littafin jirginka, sannan ka kai wa na gaba da kai. Aron kaya tsakanin ƙasashe yana da takarda, ba a yin sa hannu da hannu a bayan mota.

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. A watan Yunin 1990 gilashin gaban wani jirgin British Airways da ya tashi daga Birmingham ya fice a sama, iska ta ja matuƙin rabin jikinsa ya fita waje, abokan aikinsa suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da aka bincika, cikin kusoshi 90 da aka ɗaure gilashin da su, 84 sun fi siranta da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Wanda ya ɗaura su gogagge ne, cikin dare ya zaɓe su da ido.

Man haidirolik da na tambayi yaron, ga dalili. Jan mai da aka fi sani iri biyu ne a jiragen soja: mai lamba 5606, wanda ƙungiyar NATO ke kira H-515, da mai lamba 83282, wato H-537, wanda ya fi jure wuta. Dukansu ja ne, ido ba ya raba su, littafin jirginka ne zai ce ko an yarda a haɗa. Akwai kuma Skydrol, mai launin shunayya, na yawancin jiragen fasinja. Wannan idan ya shiga jirgin jan mai, robobin ciki zai cinye, sai an wanke layin gaba ɗaya an sauya su. A filin jirgin da soja da farar hula suke tarayya, kamar namu na Ikeja, kuskuren nan kusa yake. Kada ka karɓi gwangwanin da aka riga aka buɗe. Kada ka yi aron famfon zuba mai sai ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki. Man inji ma haka, akwai 23699, akwai 7808, ba abu ɗaya ba ne.

Sai man tashi. Jet A-1 shi muka saba da shi. Sojan Amurka suna da JP-8, wanda kusan shi ne amma da ƙarin sinadarai, ciki har da mai hana ƙanƙara a layin mai. Na jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama JP-5 ne, ba ya saurin kamawa da wuta. Ka san waɗanda littafinka ya yarda da su, ka rubuta wanda aka zuba. Kafin tiyo ya taɓa jirgi a haɗa wayar da ke sauke wutar gogayya ƙasa. Ka sa a tsiyayo mai daga tankar a kwalba mai haske, ka ɗaga ta sama, ka juya: kana neman ruwa a ƙasa da datti da gajimare. Sannan a gwada da ƙwayar gwajin ruwa, wadda takan koma kore daga rawaya idan akwai ruwa. Ko tankar ta ƙasa mafi arziki ce, ka yi. Ba raini ba ne, su ma za su yi wa taka, kuma za su fi ganin girmanka idan ka yi.

Lissafin mai shi ne ramin da ya fi zurfi. Gejin C-130 da fam, wato awon nauyi, yake magana, mai tanka da lita, wani kuma da galan, galan ɗin ma biyu ne: na Amurka lita 3.785, na Ingila lita 4.546. Litar Jet A-1 tana da nauyin kusan kilo 0.8, amma yana ɗan sauyawa da zafi, don haka ka tambayi mai tanka awon ranar. Kilo ɗaya fam 2.2 ne. A ce matuƙi ya nemi ƙarin fam 10,000. Ka mayar kilo, kusan 4,540. Ka raba da 0.8, kusan lita 5,670. Ka yi a takarda, wani ya yi nasa daban ba tare da ya ga naka ba, ku gwada, bayan an zuba ku duba geji. A 1983 wani Boeing 767 na Air Canada ya ƙare da mai a sararin sama saboda an rikita fam da kilo, bai ɗauki ko rabin abin da yake buƙata ba. Matuƙan suka lallaɓa shi ba inji har wani tsohon filin soja a Gimli, babu wanda ya mutu. Ba kullum ake samun irin wannan sa'a ba.

Ɗaurin noti ma da nasa harshen. Littattafan Amurka da inci-fam ko ƙafa-fam suke rubutu, na Turai da niyutan-mita. Ƙafa-fam ɗaya inci-fam 12 ne, kuma niyutan-mita 1.36 ne. Wanda ya karanta inci-fam ya ɗaure da ƙafa-fam ya ninka ƙarfin sau 12, zaren kusa ya tafi. A awon iskar taya, bar ɗaya daidai yake da psi 14.5, kuma naitirojin ake sa wa tayar jirgi. Janareton ƙasa kafin ka jona shi ka karanta farantinsa da idonka: wuta mai ƙarfin volt 115 da zagaye 400 a daƙiƙa ce, ko volt 28 irin ta batir?

Ka kiyayi rubutun hannu. Abokanmu masu Faransanci waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo, 2,5 ɗinsu shi ne 2.5 namu, kuma 1 ɗinsu yana da dogon baki, sai ka ɗauka 7 ne. Nasu 7 ɗin da sanda a ciki. Ba'amurke idan ya rubuta 03/04, 4 ga Maris yake nufi, kai kuma 3 ga Afrilu za ka karanta. Lokacin atisaye da agogon Zulu, wato GMT, ake rubuta shi, Legas tana gabansa da awa ɗaya: 0600Z ƙarfe 7 na safe ne a wurinmu.

Aljihunka da akwatinka

Kowace safiya za a jera ku kafaɗa da kafaɗa ku taka filin a hankali kuna tsintar duk abin da inji zai iya zuƙa ko taya ta taka. Wasu samari suna ganin shara ce aka sa su. A watan Yulin 2000 wani siririn ƙarfe da bai kai rabin mita ba, wanda ya faɗo daga wani jirgi a titin tashi na Paris, shi ya fasa tayar jirgin fasinja na Concorde ya faɗi, mutum 113 suka rasu. Ka shiga layin da zuciya ɗaya, ko igiyarka nawa.

Mu kuma muna da namu abubuwan da littafin Bature bai lissafa ba. Carbi a aljihun gaba: ranar da ya tsinke, 'ya'ya 99 ne za su watse a ƙarƙashin inji. Goro, tsinken sakace, zoben azurfa, tsabar kuɗi, hula. Duk a bar su a jaka kafin a tsallaka layi. Basilin ko man kaɗanya da ka shafa saboda hunturu, ka wanke shi tas kafin ka taɓa kayan oksijin, domin maiƙo da oksijin wuta ne. Oksijin na ruwa kuma sanyinsa digiri 183 ƙasa da sifili, ɗigo ɗaya yana ƙona fata.

Kayan aiki ana ƙirga su kafin aiki, bayan aiki, da kafin jirgi ya motsa. Kowane da gurbinsa a akwati, gurbin da babu komai ya yi maka ihu. A wani atisaye a nan yammacin Afirka, da yamma na zo ƙirga na tarar ƙaramin soket ɗaya babu, ga jirgi an shirya shi zai yi tashin dare. Zuciyata ta ce ai wataƙila a mota ya faɗi. Na tsaya kamar minti ɗaya ina jin nauyin idon baƙi a kaina, sannan na je na faɗa. Aka tsayar da jirgin, mu da kanikawan wata ƙasa muka shiga nema da tocila kusan awa uku. A ramin taya muka same shi, ya maƙale kusa da inda ƙafar jirgi ke naɗewa. Tashin daren ya wuce mu. Da aka gama, wani dattijon samanja na ƙasar da ta karɓe mu ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, bai ce komai ba. Har yau ina tuna minti ɗayan nan da na yi ina shawara da kaina, domin shi ne mafi haɗari a duk tafiyar.

A gindin jirgin wani, baƙo kake. Kada ka taɓa, kada ka jingina, kada ka zare fil mai jan ƙyalle. Jirgin yaƙi yana da kujera mai harba matuƙi sama. F-16, irin wanda za ka gani a Maroko, yana ɗauke da wani guba mai suna haidirazin a injinsa na gaggawa. Idan aka ce a matsa, ka matsa ta ɓangaren da iska ke fitowa. Farfela ko a tsaye take ba a ratsa da'irarta. Birkin da ya yi zafi ta gaba ko ta baya ake tunkararsa, ba ta gefe ba, domin idan taya ta fashe ta gefe take watsuwa.

Magana

Babbar cutarmu "yessa". An koya mana ladabi, an koya mana biyayya, sai yaro ya amsa umarnin da bai ji rabinsa ba saboda Turancin mai maganar ta hanci yake fita ga ƙarar inji. Idan an faɗi lamba, ka maimaita ta da ƙarfi. Idan ba ka gane ba, ka miƙa biro a rubuta maka. Matambayi ba ya ɓata. Alamun hannu na jagorantar jirgi ku yi bitarsu tare ranar farko, kafin inji ya tashi. Hannaye biyu a giciye bisa kai, tsaya ke nan a ko'ina, kuma kowa yana da ikon yin ta, har kurtun da ya zo jiya.

Ka nemi a nuna maka kundin jirginsu ka ga yadda suke rubuta lahani. Ingilawa suna da Fom 700, Amurkawa 781, kuma a nasu jan X yana nufin jirgin ba ya tashi sai mai izini ya duba ya sa hannu. Za ka ga saje matashi, wani lokacin mace, sunanta a rubuce a jikin jirgi, kanar yana tsaye yana sauraronta. Ka ba ta girman da za ka ba samanjanka.

Hausarka jari ce a irin wannan taro. Tun zamanin rundunar Turawan mulki ta yammacin Afirka, Hausa ce harshen bariki, kuma har yau za ka haɗu da ɗan Nijar, ɗan arewacin Kamaru, ɗan zangon Gana, ku fahimci juna inda Turanci da Faransanci suka cije. Sau da yawa ni ne tafinta a gindin jirgi. Sai dai ka lura, Hausar ma tana da kama da wane: ɗan Nijar idan ya ce za shi likita, asibiti yake nufi. Hira da Hausa, amma lamba da awo a rubuce.

Wayarka ta zauna a jaka. Hoton jirgin wasu, ko na allon tsarin tashi, ba na Facebook ba ne ba na WhatsApp ba, ko na gidanku ne kawai za su gani.

Salla, azumi, gajiya

Ranar farko ka gaya wa shugaban tawagarka lokutan salla, ka nemi alƙibla, a tsara da su. Ban taɓa zuwa inda aka hana ni ba. Abin da za ka kiyaye shi ne barin aiki a tsakiya. Idan dole ka tashi, ka rataya alama, ka rubuta inda ka tsaya, in ka dawo ka koma baya taki uku ka sake dubawa. Notin da aka ɗaura da hannu da niyyar a ƙarasa bayan La'asar, kama yake da wanda aka gama. Haka miƙa aiki tsakanin masu rana da masu dare: a gindin jirgi ake yi, da yatsa ana nunawa.

Idan tafiyar ta faɗo a Ramadan, Alƙur'ani ya yi wa matafiyi rangwame ya rama daga baya. Wanda ya zaɓi ya yi azuminsa, ya faɗa wa na gaba da shi, a ba shi aiki mai nauyi da safe, kuma wani ya bi bayan aikinsa da yamma. Kwalta da rana tsaka tana shanye ruwan jikin mutum, ƙwaƙwalwa kuma ita ke fara gajiya kafin hannu. Abincin leda na sojan Amurka yana da na halal, ka tambaya tun da wuri. Walimar rufe taro ka je, ka riƙe lemonka, ka yi musayar bajo da mutane. Hular zanna ɗaya ko biyu a jakarka kyauta ce da ba a mantawa.

Sa hannu

Ranar Asabar 26 ga Satumban 1992, C-130 ya tashi daga Legas zuwa Kaduna, bai yi nisa ba ya faɗi a fadamar Ejigbo. Fiye da mutum 150 suka rasu, yawancinsu hafsoshi ne masu kwas a Jaji. Ina ƙaramin bakanike a lokacin. Na ga bariki a makonnin da suka biyo baya, na ga mata da yara. Allah ya jiƙansu. Tun daga nan duk lokacin da na ɗauki biro zan sa hannu a kundin jirgi, kujerun cikinsa nake gani cike da mutane.

A atisaye matsin ya fi na gida, kuma sunansa kunya. Jiragen wasu ƙasashe sun tashi, naku yana ƙasa, manya suna kallo, wani ya matso ya ce maka a hankali kada mu ba da ƙasa kunya. Kunya ado ce a gaban surukai. A gindin jirgi kuwa ita ke sa mutum ya ga ɗigon mai ya ce gumi ne. Ba a ce ka yi wa na gaba da kai tsaurin ido ba. Ka buɗe littafi, ka ce, "Yallaɓai, ga abin da na auna, ga iyakar da aka yarda, ga shafin. Ina buƙatar awa biyu da mutum ɗaya." Ka ba shi lamba da lokaci, domin shi ma akwai wanda zai yi wa bayani. Wasu lahanin littafi ya yarda a tashi da su a gyara daga baya, wannan mai izini ne zai yanke, da nasa sa hannun. Kai dai kada ka sa hannu a kan abin da ba ka yi ba, ko ba ka gani da idonka ba, ko abokinka ne na kwas ya ce ya gama.

Kada kuma ka je da ƙanƙan da kai. Za ka ga kayan aikinsu ka yi sha'awa, ka koya, ka tambaya. Amma kai ma kana da abin koyarwa. Ka san yadda ƙurar hunturu take toshe filta ta ci fukafukan cikin inji. Ka san iskar gishirin Legas da farin garin da take fitarwa a jikin alminiyom, a ramin taya da ƙarƙashin daɓe da kewayen bayan gida. Ka san zanzaro yana iya gina ɗakinsa na laka a bututun awon gudu cikin yini guda idan aka manta murfi, abin da ba lallai ne wanda ya zo daga ƙasar sanyi ya taɓa gani ba. Ka san riƙe jirgin da ya girme ka yana tashi lafiya. Na sha ganin baƙi sun fito da littafi suna rubuta abin da muke faɗa.

Kai ma ka riƙe ƙaramin littafi, kowane dare ka rubuta abu uku: me ya lalace, me muka rasa a akwati, me na gani a wurinsu da za mu iya yi ba tare da an sayi komai ba. In kun dawo Ikeja a wanke jirgi, musamman idan ya yi shawagi ƙasa-ƙasa bisa teku, a ƙirga kaya, a cike abin da aka taɓa a akwatin gyara tun kafin a manta. A makon farko ka tara waɗanda ba su je ba ka karanta musu littafin naka.

Ranar da yaron zai tafi ya biyo ta Agege da asuba. Na ba shi wani kati da na yi shekaru ina sawa a aljihun rigar aiki, an naɗe shi da leda, gefensa duk ya cinye: lita zuwa kilo, kilo zuwa fam, galan biyu, inci-fam zuwa niyutan-mita, Zulu da agogon gida. Na sake tambayarsa lambar man haidirolik ɗinsu. Ya faɗa mini, har da ta NATO. Na raka shi bakin titi ya hau motar Ikeja.